Dalilin da Ya Sa Kyamarar Alhaji Ba Ta Gani Sai Ƙarfe Ɗaya da Minti Ɗaya na Dare

Daga Aboabo zuwa Sabon Zango, daga Alabar zuwa Akwatia Line, a birnin Kumasi, akwai wata larura da ke kama kyamarorin tsaro, kuma alamunta iri ɗaya ne a ko'ina. Mai shago yana Bronx ko Hamburg. Ya aiko da kuɗi an kafa masa kyamara, an haɗa ta da intanet, an sa masa manhaja a waya don ya riƙa leƙen dukiyarsa daga inda yake. Makon farko sai hamdala, har yakan bugo waya ya tambayi wane ne wancan mai jar hula da ya daɗe a bakin kanta bai sayi komai ba. Daga nan sai hoto ya soma ɗaukewa. Da rana, lokacin da ake ciniki, wayar Alhaji ba ta nuna komai sai baƙin allo. Can cikin dare, bayan an rufe shago kowa ya kwanta, sai hoto ya dawo tangaram: ga ƙofa, ga kwaɗo, ga akuyar maƙwabta a kwance.

Masana a cikin iyali sukan rabu gida uku. Kashi na farko, wanda Hajiya ke jagoranta, yana ganin ɗan ɗan'uwan da aka bar wa shago ne ke kashe kyamarar da safe, ya kunna ta da dare. Kashi na biyu yana ganin abin ya fi ƙarfin ɗan'adam, a nemi malam. Kashi na uku, wato samarin majalisar ataya, sun ce netwok ne, wanda shi ne amsarsu ko da tayar mota ce ta fashe. Duka ukun ba su gano bakin zaren ba. Yaron ba shi da laifi a wannan babin, maganar lissafin aljihun tebur kuwa babi ne daban, ba shi muke karantawa yau ba. Aljanu ma, iya abin da littafin rahoton na'ura ke nunawa, ba su sa hannu ba. Laifin na jadawali ne. An ba na'ura lokacin da za ta yi magana, ita kuma ta riƙe amana fiye da kima.

Sai mu koma tushe. Duk na'urar da ke kan intanet tana da lamba, ana ce mata lambar IP, gungun alƙaluma huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu. Waɗanda suka tsara ta sun tanadi lambobi kusan biliyan huɗu da miliyan ɗari uku, suna ganin har duniya ta naɗe ba za a cinye su ba. An cinye su. A watan Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba ragowar da ke hannunta ta kakkaɓe buhu. Kason Afirka yana wurin AFRINIC, mai ofis a tsibirin Morishiyos, wadda ɗan Gana, Farfesa Nii Quaynor, yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma kamfaninsa ne ya haɗa Gana da intanet a 1995. Tun da abu ya yi ƙaranci, kamfanin da ke ba ka intanet ba ya mallaka maka lamba, aro yake ba ka. Layi ya tsinke, ya karɓe abinsa. Layi ya dawo, ya miƙo maka wadda hannunsa ya kai.

Abin lura shi ne, tun watan Oktoban 2017 shagon Alhaji yake da adireshin zamani na GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar nan gaba ɗaya gida-gida, kowane gida mita biyar tsawo mita biyar faɗi, na cikin birnin Kumasi kuma da haruffan AK suke farawa. Shagon yana nan inda aka gina shi. Rautar da aka kafe da ƙusa a bangonsa, wato na'urar da ke raba intanet, ita ce ke tashi daga adireshi zuwa adireshi, wani lokaci sau biyu kafin azahar, ba tare da ta motsa daga kan ƙusar ba.

Mutum ba ya iya haddace lambar da ke canzawa, shi ya sa ake amfani da suna. Tsarin da ke fassara suna zuwa lamba shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Daga baya aka samu masu hidima ta musamman, ana ce mata DDNS, irin su No-IP da DuckDNS, waɗanda za su ba ka suna tabbatacce su riƙa gyara lambar da ke gabansa duk lokacin da ka sanar da su. Wanda kakansa ya yi fataucin goro daga Kano zuwa Salaga ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Baƙo ya sauka a zango, yau yana wannan ɗaki, gobe an mai da shi wancan. Mai nemansa ba ɗaki-ɗaki yake bi ba, wurin mai masauki yake zuwa ya ambaci suna, a nuna masa. Sharaɗin ɗaya ne: in baƙo ya sake ɗaki, ya tura ɗan aike ya faɗa. Rauta ce baƙuwar, kamfanin DDNS ne mai masauki, wayar Alhaji ce mai sallama a zaure. Rigimar duka a kan ɗan aiken take, wato yaushe ake tura shi, kuma in an tura shi yana isa ko ba ya isa.

Mu ɗauki pfSense, tun da ita ce yaran Tek, wato ɗaliban jami'a masu haɗa irin waɗannan na'urori, suka fi so su ɗora a kan tsohuwar kwamfuta su mai da ita katangar tsaro, su kuma ƙara wa Alhaji kuɗin aiki saboda sunan yana da nauyi a baki. Manhaja ce mai kyau, kyauta ce, tun 2006 ake amfani da ita. A ɗabi'arta tana tura ɗan aike a lokuta sanannu. In ta tashi daga barci, tana turawa. In ta ga lambar da ke ƙofarta ta waje ta canza, tana turawa. Ban da waɗannan, tana da duba guda ɗaya a kowace rana, da ƙarfe 1:01 na dare. In ta duba ta ga babu abin da ya canza, sai ta rubuta a littafin rahoto cewa lamba tana nan, kwana 25 kuma ba su cika ba, don haka ba za ta dami kowa ba. Ranar da kwana 25 suka cika takan aika gaisuwa ko da babu labari, don kada mai masauki ya ɗauka ta rasu.

Wannan tsari ba shi da aibi, muddin ita ce ke tsaye a bakin titi. A mafi yawan shagunanmu ba haka abin yake ba. Kamfani ya kawo akwatinsa, shi ne ke riƙe da lambar waje. An ja waya daga akwatin an soka wa pfSense, ita kuma akwatin ya ba ta lambar cikin gida, irin mai farawa da 192.168, wadda ba ta canzawa ko da shekara za a yi. Ƙarfe goma na safe layi ya yi tari, kamfani ya karɓe lamba ya ba akwatinsa sabuwa. Akwatin bai ga dalilin gaya wa kowa ba. Ita kuwa pfSense ta dubi ƙofarta, ta ga 192.168 ɗinta tana nan daram, ta ci gaba da harkokinta da zuciya ɗaya. Mai masauki yana nan yana nuna wa mutane tsohon ɗaki. Wayar Alhaji ta je ta ƙwanƙwasa, ta tarar da wani baƙon daban, watakila mai sayar da taya a Suame, wanda bai san Alhaji ba kuma ba ya son saninsa.

Haka za a wuni. Sai ƙarfe 1:01 na dare na'ura ta tuna da aikinta, ta leƙa wani shafi na waje ta tambaye shi wace lamba yake ganin ta da ita, ta ji sabuwa, ta tura ɗan aike a guje. Cikin minti ɗaya hoto ya dawo. A Bronx lokacin ƙarfe takwas da minti ɗaya ne na dare a watannin sanyi, tara da minti ɗaya a watannin zafi, daidai sa'ar da Alhaji ya dawo daga aiki ya zauna zai ci tuwo. Yana buɗe waya sai ga kwaɗo da akuya. Kashegari da safe layi ya sake tari.

"Kai, wa ya ce ka kashe mini kyamara?"

"Wallahi Kawu ban taɓa ta ba. Ko tsani ba mu da shi a shagon."

"To ita ta kashe kanta?"

"Yaron Tek ya ce lamba ce ta canza, Kawu."

"Lambar wa? Ni tun da na zo Amurka ban canza lamba ba."

Mafi munin sa'a ita ce lamba ta canza da ƙarfe 1:02. A nan sai an jira awa 23 da minti 59, kuma na'urar ba za ta ji ko ɗar ba, don a wurinta ba ta saɓa wa kowa ba. Waɗanda suka zaɓi ƙarfe ɗayan dare sun zaɓe shi ne don lokaci ne da ba kowa ke aiki ba. Ba su yi shawara da mutanen da suka ga dumso na 2012 zuwa 2016 ba, lokacin da aka riƙa buga jadawalin ɗauke wuta a jarida, ita ma wutar ba kullum take bin sa ba. Mai kula da jadawali a cikin na'urar wani ɗan shiri ne mai suna cron, kuma yana da hali guda da ya kamata kowa ya sani: ba ya ramuwa. In lokacin aiki ya zo ya tarar da shi a kashe, wannan aikin ya wuce ke nan, sai na gobe.

Maganin wannan kashi na larurar ba shi da tsada. A shiga ma'ajiyar ƙarin shirye-shirye ta pfSense a sauko da wanda ake kira Cron, a nemi layin da ke ɗauke da rc.dyndns.update, a gyara lokacinsa. Layin yana da gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Tauraro a gurbi yana nufin kowane. Abin da ke ciki tun asali shi ne 1 1 * * *, wato minti na ɗaya na awa ta ɗaya, kullum. Wanda ke son a duba duk bayan minti biyar sai ya rubuta */5 * * * *. A kula da wannan karkatacciyar sandar da tauraron da ke gabanta, don a nan ake samun asarar rayuka. Wanda ya rubuta 5 * * * * ya ce ne a duba sau ɗaya a awa, in ta wuce da minti biyar. Wanda ya rubuta * 1 * * * kuwa ya umarci ɗan aike ya fita sau sittin tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyu na dare, sannan ya kwanta har gobe. Na'ura za ta bi kowanne daga cikin umarnin nan ba tare da ta ɗaga gira ba.

Akwai masu zafin nama da za su ce, tun da haka ne, a tura shi kowane minti, sau 1,440 a rana, a huta. A nan sai a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa, dubawa da sanarwa. Dubawa tsakaninka da kanka ne, ka yi ta yi. Sanarwa kuwa damun wani ne. Rubutun da ke cikin pfSense yana da kunya, yakan kwatanta lambar yanzu da wadda ya haddace, in ɗaya ne ba ya fita. OpenWrt ma haka, tana dubawa duk minti goma, tana aika gaisuwar dole duk awa 72. Matsala tana zuwa ne daga rubutun da aka kwafo daga bidiyo, wanda ba ya kwatanta komai, aikawa kawai yake yi. Mai masauki yana da amsoshi gajeru. In ka kawo sabon labari zai ce good. In ka kawo abin da ya riga ya sani zai ce nochg, wato mun ji, ba sabo ba ne. In kalmar sirri ba daidai ba ce zai ce badauth. In ka matsa masa da labarin da bai canza ba, wasu masu masaukin sukan kai inda za su ce abuse, su rufe maka ƙofa. Daga nan ko lambar ta canza da gaske babu mai sauraron ka. A ganina minti biyar ya isa kowane shago, sau 288 ke nan a rana, kuma babu ɗan kasuwar da dukiyarsa ke ƙarewa cikin minti biyar sai wanda dama ba kyamara ce matsalarsa ba.

Sai kuma rigimar dawowar wuta, wadda ta fi kama masu MikroTik, ƙananan rautocin nan na ƙasar Latbiya da masu sayar da intanet na unguwa suka fi yarda da su. Wuta ta dawo, yara sun yi ihu, duk na'urorin shago sun tashi a tare. Jadawalin MikroTik, in an ce masa ya yi aiki da zarar an tashi, daƙiƙa uku yake jira. Akwatin kamfani kuwa dattijo ne, sai ya yi miƙa, ya ƙyafta fitilu ɗaya bayan ɗaya, ya gaisa da na sama da shi, kafin ya samu layi. Ɗan aike ya fita tun ba a buɗe ƙofar gari ba, ya dawo ya ce bai samu hanya ba, aka rubuta a littafi, aka rufe littafin. In ba a sa masa maimaici ba, shi ke nan sai wata ɗaukewar wutar. Gyaran shi ne a sa jinkiri na minti biyu ko uku a farkon rubutun, a kuma ƙara wani jadawalin mai maimaituwa. Wanda ya sayi batirin ko-ta-kwana kuma, ya haɗa akwatunan biyu a kai. Yaran Tek sukan haɗa kwamfuta su bar akwatin kamfani a bango, sakamakon haka pfSense takan kwana a farke tana gadin layin da ya mutu, ba ta kuma san an sake lamba ba in ya farfaɗo.

Batun agogo ya fi wannan ban tausayi. Yawancin ƙananan rautoci ba su da batirin riƙe lokaci, tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu kuma nata batirin, ɗan mai kama da kwabo, ya daɗe da mutuwa. Tsofaffin MikroTik in sun farka sukan ɗauka ranar 2 ga Janairun 1970 ce. Wato a saninsu Dokta Busia ne firaminista, Otumfuo Prempeh na Biyu yana kan karaga a Manhyia, yaƙin basasar Najeriya bai ƙare ba, ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko kuma ba ta ɗauko kofin Afirka ko sau ɗaya ba tukuna. A cikin wannan hali rauta za ta je wurin mai masauki, shi kuma ya nuna mata takardar shaidarsa ta tsaro, mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. In an umarce ta ta tantance takarda, sai ta duba ta ga an rubuta shekarar da sai bayan fiye da shekara hamsin za a kai, ta ce wannan jabu ce, ta juyo. Dattawan Zango da suka ga dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 za su shaida cewa a Janairun 1970 maganar takarda ba abin wasa ba ce, don haka ba za a zargi na'urar da tsanani ba. A kunna mata NTP, mai tambayo lokaci daga intanet, a kuma tabbata jinkirin da aka sa ya ishe ta ta gano shekarar da ake ciki kafin ta fita.

Abu ɗaya ne Allah ya ɗauke wa Zango. Gana tana kan lokacin GMT shekara duka, layin Greenwich ma ta Tema ya ratsa, na'urorin nan kuma da wannan lokacin suke fitowa daga masana'anta. Yaron da ya manta bai saita yankin lokaci ba ya yi daidai ba da saninsa ba. Takwaransa na Kano in ya yi irin wannan mantuwa, ƙarfe ɗayansa ƙarfe biyu ne.

Akwai nau'in larurar da ke zuwa wata-wata, a ita kuma hoto ba ya dawowa ko da dare. Sunan kyauta na No-IP yana buƙatar a tabbatar da shi duk kwana 30. Suna aiko da wasiƙa ta imel, a latsa, a ce har yanzu ana so. Imel ɗin da aka yi rajista da shi kuwa na yaron da ya haɗa kayan ne, wanda ya gama karatu, aka tura shi hidimar ƙasa can wajen Bolga, ya kuma manta kalmar sirrin. Wasiƙa tana can tana jira, suna ya faɗi, rauta tana ta tura ɗan aike wurin mai masaukin da ya goge ta daga littafi. Wanda ya gaji tsohon saiti na DynDNS kuma ya sani cewa sun daina kyauta tun 2014. Ba jadawali ne zai gyara wannan ba, sai kuɗi ko sabon suna.

A taƙaice kuma, kada a tura 'yan aike biyu. Akwatin naɗar hoton kyamara yana da nasa gurbin DDNS, rauta tana da nata, wani lokaci akwatin kamfani ma yana da nasa. In an cika duka da suna ɗaya, musamman a shagon da ke da layi biyu, na waya da na sim don ko-ta-kwana, wannan zai je ya ce ɗaki na uku, wancan ya bi bayansa ya ce ɗaki na tara, mai masauki kuma na ƙarshe yake rubutawa. A zaɓi ɗaya, a sallami sauran.

Yanzu mun zo kan abin da ya kamata a fara dubawa, wanda al'ada ta gudana a kan a duba shi a ƙarshe, bayan an je Adum an sayo sabuwar rauta. A buɗe shafin akwatin da ke riƙe da layi, a karanta lambar da ke ƙofarsa ta waje. Sannan a buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke gaya wa mutum lambar da duniya ke ganin sa da ita. In biyun sun zo ɗaya, alhamdu lillahi, duk abin da aka faɗa a sama zai yi aiki. In sun saɓa, musamman in ta akwatin ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10, to kamfani bai ba ka ɗaki ba sam. Ya tara ku ne, ku da yawa, a bayan lamba ɗaya. Ana kiran wannan CGNAT, an ware masa wancan rukunin lambobi tun 2012, kuma shi ne abin da layin sim ya fi bayarwa kusan ko'ina a duniya. Starlink ma, da ta fara aiki a Gana a 2024, haka take yi wa mai ƙaramin tsari.

A irin wannan hali komai zai nuna lafiya. Ɗan aike yana fita a kan lokaci, mai masauki yana cewa good, lambar da ke shafin pfSense tana nan koriya shar. Abin da aka rubuta a littafi dai lambar zauren kamfani ce, kuma mai gadin zauren ba ya shigar da baƙon da ba a aika a kira shi ba. Ko kowace daƙiƙa aka mai da jadawali, hoto ba zai fita ba. Mafita uku ce. Ko a nemi kamfani ya ba da lambar waje ta kai, wadda galibi sai an biya. Ko a bar na'urar cikin shago ita ta fara miƙa hannu waje ta hanyar rami mai tsaro, irin Tailscale ko ZeroTier ko WireGuard, yadda Alhaji zai same ta a can. Ko a yi amfani da hidimar da masu ƙera kyamarar suka tanada, kamar Hik-Connect, wadda ba ruwanta da DDNS. Ni na fi karkata ga ramin, don buɗe ƙofar kyamara ga duniya baki ɗaya, da kalmar sirri 12345, yana nufin ba Alhaji kaɗai ke kallon akuyar ba.

Akwai kuma ranar da babu laifin kowa a unguwa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Gana da maƙwabtanta kwana da kwanaki. Wanda ya wuni yana gyaran taurarin cron a ranar ya samu ladan niyya.

Saura gwaji, wanda shi ma yana da ƙa'ida. Ba a gwadawa daga cikin shago a kan wayfai ɗin shagon, don rautoci da yawa ba sa yarda mutum ya fita ta ƙofa ya ƙwanƙwasa ta daga waje alhali yana ciki. Wasu kuma sukan nuna hoto ta hanyar cikin gida, yaro ya yi murna, Alhaji yana can yana kallon baƙin allo. A kashe wayfai, a kunna data, a fita bakin titi in ana son a ƙara wa abin armashi. A kuma ba shi minti ɗaya ko biyu, don amsar da mai masauki ke bayarwa tana da wa'adi, a irin waɗannan hidimomi galibi daƙiƙa 60 ne, kafin ya cika waya tana riƙe da tsohuwar. Maɓallin nan na tilasta sanarwa da ke shafin pfSense ba gwaji ba ne. Yana nuna cewa ɗan aike yana da ƙafa, bai nuna zai tashi da kansa ba in babu mai tsaye a kansa.

Saboda haka, jama'ar Zango na gida da na waje, kafin yaron Tek ya karɓi cikon kuɗinsa, a sa shi ya mai da rajistar kan imel ɗin mai shago, ya rubuta kalmar sirri a takarda a ba Hajiya ta ajiye. Sannan a gaban shaidu ya zare wayar akwatin kamfani ya mayar, ya sa hannuwansa a aljihu, a jira minti goma, a kira Alhaji da rana tsaka. In ya ce yana gani, a biya. In ya ce ba ya gani, a tambaye shi ko wayarsa tana da data, in ya ce tana da ita, a riƙe kuɗin.